An dasa mini na'urar ji, amma ƙarar gwangwani nake ji: an cuce mu ne?

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 43. Shekara biyu da suka wuce na yi zazzaɓi mai zafi, da na tashi sai na tarar kunnena na hagu ya mutu murus, ga wani shuu da ba ya tsayawa dare da rana. Na dama kuwa lafiyarsa ƙalau. Yayyena suka haɗa kuɗi aka yi mini tiyata, aka dasa na'ura a cikin kunnen. Yau sati shida ke nan da kunna ta. Wallahi abin da nake ji bai yi kama da magana ba, kamar ana buga gwangwani ne, muryar maiɗakina kuma ta koma siririya kamar rediyon da bai kama tasha ba. In na sa ta a kasuwa kaina ciwo yake yi, shi ya sa yanzu sai na dawo gida nake sawa na awa ɗaya ko biyu, wani lokaci ma ta kwana biyu a durowa. Babban yayanmu ya ce an cuce mu. An cuce mu ɗin ne, ko na'urar ce ta lalace?

Ɗan kasuwa, Kano

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya ƙara lafiya, Ya kuma saka wa yayyenka da alheri, don wannan aiki ba ƙaramin kuɗi yake ci ba.

A duk abin da ka rubuto babu alamar lalacewa. Ƙarar gwangwani da siririyar murya a sati na shida, su ne labarin da yawancin waɗanda aka yi wa dashen suke bayarwa. Abin da ya tayar mana da hankali a wasiƙarka shi ne durowar nan. Likita ya gama nasa aikin ranar tiyata, ragowar na ƙwaƙwalwarka ne, ita kuwa ba ta koyon komai daga na'urar da ke kwance a durowa.

Bari mu fara da abin da aka sa maka. Can ƙuryar kunne, bayan dodon kunne, akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa wadda girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. In da za a warware ta, tsawonta kusan milimita 35 ne. A cikinta akwai jerin ƙwayoyi masu 'yan gasu kusan 3,500 waɗanda ke juya motsin sauti ya zama saƙo, su miƙa wa zaruruwan jijiyar ji kusan 30,000. Waɗannan ƙwayoyin ne suka mutu a kunnenka, kuma a jikin ɗan'adam ba sa sake tsirowa. Dashen tsallake su yake yi. Ɓangaren da kake maƙalawa a waje yana ɗauko sauti da makirfo, ya yanka shi gida-gida, ya tura ta cikin fata zuwa ɓangaren da aka binne a bayan kunne, wanda maganaɗisu ke riƙe su tare. Daga nan wata siririyar waya ta shiga cikin katantanwar, ɗauke da tashoshin lantarki. Na kamfanin MED-EL tashoshi 12 ne, na Advanced Bionics 16, na Cochlear 22. To ka kwatanta: 3,500 a da, yanzu kuma bai wuce 22 ba. Kuma lantarkin kowace tasha yana ɗan malalewa zuwa ta kusa da ita, tunda cikin ruwa suke. Kamar a ce maka ka zana furannin atamfa da burushin fentin bango. Siffar za ta fito, amma da fari a dagule za ka gan ta.

Siririyar muryar maiɗakinka ma da dalilinta. Katantanwar a jere take kamar tsani: bakinta na jin siraran sautuka irin na sss da ƙarar makullai, can ƙarshen naɗinta kuma na jin kakkaura irin ƙugin babbar mota. Wayar da aka zura ba ta kaiwa ƙarshen naɗin. Saboda haka kakkauran sauti, da ya kamata ya sauka can ciki, sai na'urar ta sauke shi a wurin da ƙwaƙwalwa ta shekara 41 tana ɗauka na siririn sauti ne. Komai sai ya tashi sama, babban mutum ya koma magana kamar yaro. Da yawan saurare ƙwaƙwalwa takan gyara wannan lissafi, muryoyi su sauko kusa da yadda ka san su. Gyaran kan ɗauki watanni, ga wasu kuma yakan rage saura kaɗan, amma ba ya farawa sai ana jin sautin kullum.

Yanzu ga ainihin matsalar, wato abin da ya faru a kanka cikin shekara biyun nan. A ƙa'ida, saƙon kowane kunne ya fi ƙarfi a ɓangaren ƙwaƙwalwa na ɗaya gefen: na hagu ya fi zuwa dama, na dama ya fi zuwa hagu. Da na hagunka ya yi shiru, wurin da yake kai kayansa bai zauna fayau ba. Kai ɗan kasuwa ne, ka san yadda ake yi in mai rumfa ya yi doguwar tafiya. Maƙwabcinsa zai fara ajiye dila ɗaya a bakin rumfar, gobe biyu, kafin shekara ta zagayo har kwastomomi sun ɗauka rumfar tasa ce. Haka kunnenka na dama ya yi. Gwaje-gwajen da ake yi na auna motsin ƙwaƙwalwa sun nuna cewa bayan mutuwar kunne ɗaya, lafiyayyen yakan riƙa motsa ɓangarorin biyu kusan daidai. Wannan taimako ne a lokacin da babu wani zaɓi. Amma yau mai rumfa ya dawo, da baƙuwar murya, kayansa kuma ba su kai na maƙwabcin kyau ba. Ƙwaƙwalwa ba ta son wahala, wurin wanda ta saba da shi take zuwa, ɗayan kuma ta ɗauke shi a matsayin hayaniyar da za a kawar. Ciwon kan da kake yi a kasuwa, gajiyar wannan ja-in-ja ce.

A nan kuka bambanta da wanda kunnuwansa biyu suka mutu. Shi ba shi da madogara sai na'urar, dole ya saurare ta daga asuba zuwa dare, kuma ba shi da abin da zai gwada ta da shi, saboda haka sau da yawa ya fi saurin sabawa, ya fi kuma godiya. Kai kuwa kana da ma'auni a gefen dama wanda ke gaya maka kowane minti cewa sabon sautin bai kai ba. Shi ya sa a cikin masu kunne ɗaya ake samun waɗanda ke ajiye na'urar gaba ɗaya, kuma yawanci da haka suke farawa: awa biyu, awa ɗaya, durowa. Abin da ya taimake ka shi ne shekara biyu ba ta yi nisa ba, kuma ka rasa jin ne kana babba, hanyoyin ƙwaƙwalwar sun riga sun ginu. Da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da yin dashen ga masu kunne ɗaya a 2019, iyakar da ta sa ita ce kada kurumtar ta haura shekara goma. Kai ko kusa ba ka kai can ba.

Sai mu faɗa maka gaskiya tun yanzu, don kada ka riƙa jiran abin da ba zai zo ba: kunnen hagu ba zai koma daidai da na dama ba. Kiɗa da waƙa musamman za su ci gaba da zama da rauni a gefen. Ribar da aka saya maka a wani wuri take. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka kunne ɗaya ba ya gane inda sauti ya fito. Ƙwaƙwalwa tana gane haka ne ta hanyar gwada abin da kunnuwa biyu suka kawo mata, a wata mahaɗa da ke gindinta. Tana duba wanne sauti ya fara isa gare shi, tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, tana kuma duba a wanne ya fi ƙarfi, domin kai yana tare siraran sautuka har ya rage musu desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) kusan 20 kafin su zagaya ɗaya gefen. Na'urar ba ta iya kawo bambancin lokacin nan da kyau, amma tana kawo bambancin ƙarfi, kuma da shi ƙwaƙwalwa ke sake koyon hagu da dama. Wanda ya taɓa tsallaka titin Ibrahim Taiwo da kunne ɗaya, ana hon bai san ta ina adaidaita sahu take zuwa ba, ya san darajar wannan. Haka kwastoman da ya tsaya ta hagunka yana tayi cikin hayaniya, wanda a da sai ka juya masa kai gaba ɗaya.

Sai kuma shuu ɗin. Ba ka gaya mana yadda yake yi ba in an kunna na'urar, amma ka lura da shi daga yau. Asalin yi wa masu kunne ɗaya wannan dashe ma saboda shi ne. Farfesa Paul Van de Heyning da abokan aikinsa a birnin Antwerp na Beljiyam sun wallafa sakamakonsu a 2008, kan mutanen da ƙugin kunne ya hana su sakat, aka ga ƙugin ya ragu sosai ga mafi yawansu. Dalilin shi ne in jijiya ta daina kawo saƙo, ƙwaƙwalwa takan ƙara wa kanta murya tana lalube, har ta riƙa jin ƙugin kanta. Da saƙo ya dawo sai ta sassauta. Ga mutane da yawa ƙugin kan dawo in an cire na'urar za a kwanta, wannan ba abin tsoro ba ne.

To me za ka yi? Abu na farko ba shi da wata dabara: ka sa ta da ka idar da sallar asuba, kada ka cire sai za ka kwanta, in ban da wanka da alwala. In kasuwa ta yi maka yawa a yanzu, ka hau a hankali cikin sati biyu. Ka fara da safiya a gida da hanyar zuwa, ka ƙara da awannin farko a rumfa kafin kasuwa ta cika, ka huta rabin awa in kai ya yi nauyi, ka mayar. Rage murya kaɗan ya fi cirewa. Kuma ka sani na'urar tana rubuta awannin da aka sa ta kowace rana, mai saiti, wato ma'aikacin da ke daidaita maka na'urar, zai gani a kwamfuta, don haka babu amfanin ce masa kullum kana sawa.

Sawa kaɗai ba ta isa ba, tunda muddin kunnen dama na ji, shi zai riƙa yin aikin, na hagu ya zama ɗan rakiya. Dole a ware lokacin da na hagu zai yi aiki shi kaɗai. Toshe na dama da yatsa ko auduga ba ya yi, ko abin toshe kunne mai kyau desibel 20 zuwa 30 kawai yake ragewa, magana tana ratsawa. Hanyar da ta fi ita ce a haɗa wayarka da na'urar kai tsaye, ta Bluetooth ko ta ɗan abin haɗawa da ya zo a cikin kwalinta, yadda sautin zai shiga kunnen hagu ba tare da ya fito fili ba. In ba ka iya ba, ka kai wa mai saiti ya haɗa maka, aikin minti biyar ne. Minti 20 zuwa 30 a rana, kullum. Gara minti 15 da safe da 15 bayan la'asar da awa uku ranar Juma'a kaɗai.

Ka fara da abin da ka riga ka haddace, domin ƙwaƙwalwa tana koyo ne in ta san amsar, ta ɗora baƙon sautin a kan sananniyar kalma. A nan mutanenmu suna da wata dama babba: Fatiha da gajerun surori. Ka nemi karatu na sannu, mai fitar da harafi ɗaya-ɗaya, ka buɗe Alƙur'ani kana bi da yatsa. Kwanakin farko kari da tsayawa kawai za ka gane, inda aka ja da inda aka numfasa. Wannan ma ci gaba ne. In ka fara jin kalmomi suna fitowa, ka rufe littafin, ka sa wani ya tsallaka maka tsakiyar sura, ka gwada gano inda ake. Daga nan ka koma muryar gida. Maiɗakinka ta turo maka saƙon murya ta WhatsApp, gajerun jimloli a hankali, ta kuma rubuto abin da ta faɗa. Ka saurara kana karantawa, sannan ka saurara ba ka duba ba. Bayan haka a ƙuntata zaɓi: ta faɗi ɗaya daga cikin shadda, atamfa, leshi, yadi, ko farashi irin su dubu bakwai da dubu takwas, kai kuma ka faɗi wanne ka ji, ta gaya maka nan take ko ka dace. Wannan gyara na nan take shi ne gishirin aikin, saurare ba tare da sanin ka yi daidai ko kuskure ba yana tafiyar hawainiya. Labaran rediyo da tafsiri, inda ba ka san abin da za a faɗa ba, su ne matakin ƙarshe. Kada ka fara da su, za su karya maka gwiwa a banza.

Akwai wani abu da ya shafi Hausa wanda littattafan da ke zuwa da na'urar ba za su gaya maka ba, tunda ba don mu aka rubuta su ba. Hausa tana rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya, na'urar kuwa a nan ta fi rauni. Wuya na jiki da wuya ta wahala haruffansu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Tsawon wasali kuwa na'urar tana kawo shi da kyau, don tana da ƙwari wajen lokaci da ƙarfi, shi ya sa gari na mutane da gari na tuwo za su fi saurin rabuwa a kunnenka. Haruffa masu ƙugiya ma sai an zauna musu: kafa da ƙafa, bari da ɓari, daidai da ɗaiɗai. Ka sa a naɗa maka irin waɗannan tagwaye, kowace kalma sau da yawa a hargitse, ka riƙa zaɓa. In ka ga wuya da wuya sun ƙi rabuwa bayan watanni, kada ka damu ƙwarai. A cikin zance jimla ce ke fayyacewa, kuma kunnen dama yana nan yana cike giɓin.

Gane inda sauti ya fito shi ma koyonsa ake yi, amma shi da kunnuwa biyu a buɗe. Ka zauna tsakar gida ka rufe ido, yaro ya tsaya taku uku daga gare ka, ya kaɗa makullai ko ya kira ka, ka nuna da hannu, sannan ka buɗe ido ka ga inda yake. Ku fara da hagu da dama kawai, daga baya a ƙara da tsaka-tsaki. Minti biyar ya isa. Yaron ya cire takalmi, in ba haka ba tafiyarsa za ka bi. A wurin cin abinci da hira kuma ka daina tsohuwar al'adar ba mutane gefen dama. Ka zaunar da maiɗakinka ta hagu da gangan.

Mafi yawan ci gaba a watanni uku zuwa shida na farko ake samunsa, sannan ya ci gaba a hankali har shekara da fiye. Amma lissafin na wanda ke sawa kullum ne. Kai a gaskiya ba sati shida ka yi ba, in aka tara awanninka da ƙyar su cika kwana huɗu ko biyar na mai sawa yini guda.

Game da saiti, kada ka tsallake ko ɗaya daga ranakun da aka ba ka. Kowace tasha ana auna mata iyaka biyu: ƙaramin lantarkin da za ka fara ji, da mafi girman da ba zai dame ka ba. Lafiyayyen kunne yana ɗaukar sauti daga raɗa zuwa tsawa, kusan desibel 120, amma tazarar da ke tsakanin iyakokin nan biyu na lantarki 'yar ƙarama ce, duk duniyar sauti a cikinta ake matsewa. Kuskure kaɗan sai komai ya yi tsawa ko ya dushe. Kuma iyakokin suna matsawa a makonnin farko, yayin da kumburi ke sauka, jijiya kuma tana sabawa. Saitin ranar kunnawa ba ya dacewa da sati na shida. In ka je, kada ka tsaya a kan "ba daɗi". Ka ce takamaimai: ƙarar cokali a faranti tana soka ni, muryar maza tana ɓacewa, ba na jin sss. Ka nemi a daidaita ƙarfin gefen hagu da na dama, domin in ɗaya ya rinjayi ɗaya ƙwaƙwalwa ba za ta haɗa su ba, gane hagu da dama kuma ya lalace. Ka nemi tsari na musamman na hayaniya don kasuwa da lasifikar masallaci. Ka kuma tambaya ko za a iya amfani da hoton da aka ɗauka bayan tiyata a daidaita rabon sautuka da ainihin wurin da tashoshin suka zauna, wasu cibiyoyi suna yin haka don rage siririyar muryar nan. In fuskarka ko gefen idonka na motsi da kansa lokacin da sauti ya yi ƙarfi, ka faɗa, lantarkin wata tasha ne ke taɓa jijiyar fuska da ke wucewa kusa, ana rage ta ko a kashe ta.

Kano kuma tana da nata sharrin ga irin wannan kaya. Ƙurar hunturu tana toshe murfin makirfo, sauti ya dushe sannu a hankali har mutum ya ɗauka kunnen ne ya koma baya. A ƙa'ida duk wata uku ake canja murfin, a hunturu ka riƙa dubawa kafin nan. Gumin bazara yana shiga mahaɗar batir da igiya, alamarsa sauti ya riƙa yankewa yana dawowa. Kowane dare ka goge ta da busasshen ƙyalle, ka sa ta a akwatin busarwa. In batirin yarwa kake amfani da shi, lamba 675 ne, ka nemi mai ƙarfi wanda aka yi don dashe, na ƙananan na'urorin ji ba ya jurewa. In ka ɓare takardar bayansa ka bar shi ya sha iska kamar minti ɗaya kafin ka sa, kuma ka fitar da shi kafin ka sa na'urar a akwatin busarwa. Mai caji kuwa ka guji jona shi kai tsaye a janareto mai hawa da sauka. Igiyar da ke haɗa faifan maganaɗisu da jikin na'urar ita ta fi saurin mutuwa, ka ajiye ta biyu a gida, kada ka jira sai ta tsinke ka yi sati uku kana jiran saƙo, ƙwaƙwalwa kuma tana komawa gidan jiya.

Wajen alwala ka cire ta ka sa a aljihu, ka bari wurin ya bushe kafin ka mayar. Bakin hula yakan ture faifan ko ya goga makirfo ya riƙa ƙarar shaa, ka zaɓi wadda ba ta matse wurin. In tana faɗuwa a sujada akwai ɗan zaren tsaro da ake maƙalawa a wuyan riga. Kada ka nemi maganaɗisu mai ƙarfi da kanka, domin in ya matse fata jini ba ya gudana, wurin ya yi ja, ya zama gyambo a kan abin da aka binne. Ka sa a riƙa duba maka fatar duk dare, in jan bai baje ba bayan ka cire, a canja maka mai sauƙi. Ka gaya wa mai aski ya bi wurin a hankali, wanzami kuma kada ya kuskura ya sa ƙaho ko aska a nan. In za ka hau babur ka sa hular kwano. Katin da aka ba ka na dashen ya zauna a aljihunka, ka nuna shi kafin hoton MRI da kafin kowace tiyata, don akwai na'urar ƙona jijiyar jini da ba a amfani da ita a kai da wuyan mai dashe.

Akwai alamomin da ba na koyo ba ne, waɗanda ba a yi musu haƙuri. Zafi ko jin kamar wuta ta ja ka in an kunna, sauti ya canja farat ɗaya bayan ya daidaita, kumburi ko ruwa a wurin ɗinki, mugunya daga kunnen, sabon jiri mai ƙarfi: waɗannan a koma wurin likita cikin kwana ɗaya ko biyu. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya kuwa a tafi asibiti a daren, domin mai dashe ya ɗan fi sauran mutane haɗarin sanƙarau. Shi ya sa ake yi musu rigakafin ƙwayar cutar nimoniya, in ba a yi maka ba ka tambaya. Ciwon kunne na yau da kullum ma ba a barinsa ya kwana biyu. Sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kusa da kai, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. In kuma ka cika wata uku kana sawa yini guda, kana atisaye, amma ko kalmomi huɗun nan na shadda da atamfa ba ka rarrabewa, to lokacin ne za a gwada lafiyar ɓangaren ciki da kwamfuta, a kuma ɗauki hoto a ga ko wayar ta lanƙwashe ko ta zamo. Yana faruwa, ba kasafai ba, kuma ana ganowa.

Kunnen dama shi ne jarinka, ka tsare shi. Ban da tsinken ashana da gashin kaza, ban da ɗiga mai ko wani haɗi. Kada ka yarda a yi maka allurar jentamaisin a kemis ba da takardar likita ba, tana cikin magungunan da ke kashe ƙwayoyin gashin nan, ka kuma gaya wa duk likitan da zai rubuta maka magani cewa kunne ɗaya gare ka. Ka matsar da janareto nesa da inda kake zama, a wurin biki kada ka zauna gaban lasifika. A auna maka jinsa duk shekara. In wata rana ka tashi ka ji shi ma ya toshe farat ɗaya, kada ka ce sanyi ne ko dattin kunne, ka je a ranar, domin maganin da ake bayarwa a cikin sati biyun farko ya fi aiki. Wannan ya shafi duk mai karanta mu.

Shi kuma Yaya, kada ka yi musu da shi, kuɗinsa ya sa, yana da haƙƙin tambaya. Ka roƙe shi ya raka ka saiti na gaba. A gabansa a toshe maka kunnen dama da ƙara ta abin saurare, a gwada na hagu shi kaɗai da jerin kalmomi, a rubuta makin da ka ci da awannin da na'urar ta nuna. Ku ajiye takardar. Bayan wata uku a maimaita gwajin da irin wannan jeri, a wannan ɗaki, shi ma yana zaune.